Hancin baba, haɓar inna: yaya gado ke tsara fuska?

A gidan suna, kafin a kai ga rabon tuwo an riga an raba fuskar jariri. Gwaggo ta ce hancin na ubansa ne, inna ta ce idanun dai nasu ne, kaka kuma ta rantse goshin na marigayi mijinta ne, kamar an tsaga kara. Mukan yi dariya, amma masana sun daɗe suna auna wannan magana da kyamara da kwamfuta.

Kowannenmu yana ɗauke da ƙwayoyin gado kusan 20,000, rabi daga uba, rabi daga uwa. Su ne ke jagorantar ginin fuska tun muna ciki, yawanci tsakanin mako na 4 da na 8 na juna biyu, lokacin da wasu tsokoki ke tahowa daga gefe da sama su haɗe a tsakiya. Idan haɗuwar ba ta cika ba, sai a haifi yaro da tsagaggen leɓe.

To, nawa ne rabon gado? A yankin Mwanza na ƙasar Tanzaniya an ɗauki hoton fuskokin yara sama da 3,000 da na'urar da ke auna tudu da kwari. Sakamakon da aka fitar a 2017 ya nuna gado ne ke bayyana kashi 28 zuwa 67 cikin ɗari na bambancin da ke tsakaninsu, gwargwadon sashen da aka auna. A lura: ba ana nufin kashi 67 na fuskarka na babanka ba ne. Ana maganar dalilin da ya sa fuskokin 'yan ajinku suka bambanta da juna.

Hanci na cikin sassan da gado ya fi riƙewa. Binciken tagwaye a Ingila ya nuna haka, domin tagwayen da suka fito daga ƙwai ɗaya sun fi sauran tagwaye kama a ƙarshen hanci da ƙashin kunci. Saboda haka, da izinin kakanninmu masu jan hancin jariri lokacin wanka don ya yi tsawo: guringuntsin yana komawa inda aka tsara masa. Akwai ma alamar cewa yanayi ya taka rawa tun zamanin kakannin kakanni, domin faɗin ƙofar hanci ya fi yawa a al'ummomin ƙasashe masu zafi da laima.

Muƙamuƙi kuwa yana jin magana. Tauna abu mai tauri tun yarinta tana ƙarfafa shi, tsotsar yatsa da ta daɗe tana turo haƙoran gaba, shan giya lokacin juna biyu kuma yana sauya fuskar ɗan da ke ciki. Duk da haka, gado yakan nuna ƙarfinsa a nan ma. Sarakunan gidan Habsburg sun yi suna da haɓa mai turowa gaba, bayan ƙarnoni suna aure a tsakaninsu. Charles na Biyu na Sifaniya, wanda mahaifinsa kawun mahaifiyarsa ne, da ƙyar yake tauna abinci. Ya rasu a 1700 bai bar magaji ba.

Abin da ya fi muhimmanci a ganinmu shi ne babu wata ƙwayar gado guda ta hanci ko ta haɓa. Wani bincike a kan Turawa sama da 8,000 ya gano alamomi 203 a cikin DNA masu alaƙa da siffar fuska, kowace da ɗan tasirinta ƙarami. A kowane ciki ana sake cakuɗa su, shi ya sa 'yan uwa uwa ɗaya uba ɗaya kan yi tarayya a kusan rabin abin da suka gada kawai. Wani ya ɗauko kakan da bai taɓa gani ba, wata ba ta ɗauko kowa a fili ba.

Wannan ba ƙaramar magana ba ce. Akwai yaran da ake yi wa gori a unguwa ko a makaranta cewa ba su yi kama da ubansu ba, akwai matan da aka zarga saboda haka. A ma'aunin kimiyya, rashin kama ba hujja ba ne ko kaɗan, kamar yadda mutum biyu da ba su haɗa dangi ba kan yi kama har a kira wannan da sunan wancan.