Zurma: Ƙawar Tsakar Gida Mai Buƙatar Sa Ido

Shirinmu na yau a kan wani tsiro ne da ke fitowa da kansa a kan juji da bayan katanga, ba mai shuka shi, ba mai ba shi ruwa. Zurma ke nan, wadda wasu ke kira cika-gida.

Wannan da muke sarewa da adda, a Turai da kuɗi ake sayen irinta a ƙawata lambu. Ganyenta ne abin so: faffaɗa, mai yatsu 5 zuwa 12 kamar tafin hannu. Akwai nau'in Carmencita mai jan ganye da jajayen 'ya'ya, akwai Zanzibarensis mai manyan korayen ganyaye. A can sanyin hunturu ke kashe ta duk shekara. A ƙasar Hausa kuwa, muddin ta samu danshi, sai ta shekara da shekaru har ta zama ƙaramar bishiya.

Shukarta ba wuya. A jiƙa irin ya kwana a ruwa, a binne shi zurfin gaɓar yatsa da farkon damina, inda rana ke bugu sosai kuma ruwa ba ya kwanciya. A bar tazarar mita 1 tsakanin wannan da wancan, a zuba taki. Kafin kaka za ta iya kai mita 2 ko fiye, ta rufe tsohuwar katanga, ta yi inuwa.

To amma iyaye, a kasa kunne nan. Ƙwayar zurma tana ɗauke da guba mai suna risin, wadda har yau ba ta da makari. Da wannan guba aka kashe wani marubuci ɗan ƙasar Bulgeriya, Georgi Markov, a Landan a 1978. Ƙwayar tana da sheƙi da zane mai jan hankalin yaro, kuma 'yan ƙwayoyi kaɗan in ya tauna sun isa su halaka shi. Alamun farko su ne amai da gudawa da murɗar ciki. Man zurma, wanda Indiya ta fi kowace ƙasa samarwa, ba ya ɗauke da wannan guba in an tace shi yadda ya kamata. A tunkuzar take zama, don haka kada a ba dabbobi.

Dabarar ita ce, da zarar ta yi fure, a yanke kan tun 'ya'yan ba su ƙosa ba, domin in sun bushe fashewa suke yi su watsa iri a tsakar gida. Ganyen da ake so yana nan daram.

Wanda zai iya wannan sa ido, ya shuka zurma ya more kyanta. Gidan da ke da yara ƙanana da awaki, kuma babu mai lura, gara a haƙura da ita. Idan kuwa yaro ya tauna, kada a tsaya jiƙe-jiƙe, a garzaya da shi asibiti nan take. Mu kwana nan, sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu.