Me ke faruwa cikin kasko lokacin da ƙarfe yake narkewa?

Duk wanda ya taɓa tsayawa wurin masu zubin tukwane a kasuwar Katako ta Yamai ya san wannan: gwangwanaye da tsofaffin kayan mota suna cikin kasko, gawayi ya yi jajur, yaro na ta zuga, amma ƙarfen ya ɗauki lokaci kafin ya zama ruwa. Ina zafin yake tafiya?

Kowane ƙarfe yana da matakin zafin da yake narkewa. Alminiyom, wanda ake tukwane da shi, yana narkewa a digiri 660, azurfa a 962, zinariya a 1064, baƙin ƙarfe kuma sai 1538. Bambancin yana zuwa daga yadda ƙwayoyin zarra na kowane ƙarfe suke riƙe da juna. Inda riƙon ya fi ƙarfi, wutar da ake buƙata ta fi yawa.

Da zarar alminiyom ya kai 660, ma'aunin zafi ba ya ƙara hawa, ko da an ƙara gawayi. Duk zafin da ke shiga yana tafiya ne wajen warware jerin ƙwayoyin, har sai gutsuren ƙarshe ya narke. Masanin Sikotland Joseph Black ne ya fara bayyana wannan a Glasgow wajen 1761, ya kira shi ɓoyayyen zafi. Ƙanƙara ma haka take: zafin da ke narkar da kilo ɗaya nata zai iya ɗaga kilo ɗaya na ruwa da digiri 80.

Ga alminiyom, wannan mataki kaɗai yana cin kusan kilojul 400 a kowane kilo, wato fiye da kashi ɗaya cikin uku na zafin da ƙarfen ke sha tun daga sanyinsa. Shi ya sa rufe kasko da kare murhu daga iska ke rage kuɗin gawayi.

Akwai kuma batun lafiya. Jama'a na cewa «tukunyar dalma», amma dalma ta ainihi, irin ta cikin batirin mota, guba ce. Tana narkewa tun a digiri 327, kuma ɓoyayyen zafinta bai wuce kilojul 23 a kilo ba. In ta shiga kasko cikin tarkace, ita ke fara narkewa, ta bi alminiyom cikin tukunya ba tare da maƙeri ya lura ba. Daga nan tana iya sauka cikin miya, musamman mai tsami, kuma ƙwaƙwalwar yara ƙanana ta fi cutarwa.

Wuta ba ta tace ƙarfe daga dalma. Sai an zauna an ware tarkace da hannu kafin a hura ta. Mai saye kuma yana da damar tambayar da me aka zuba tukunyar da zai kai gida.