Ko Kun Sani?

Gasar kokawa mafi girma a ƙasar Hausa ita ce ta Takobi, wadda Jamhuriyar Nijar ta fara a Tahoua a 1975, inda Kantu na Maradi ya zama sarkin kokawa na farko. Jihohi 8 ne ke karawa, kowace da 'yan kokawa 10. Wanda ya kayar da kowa a naɗa masa rawani, a miƙa masa takobi.

A ƙarshen 2022 gasar ta sauka Diffa, maƙwabciyar Yobe, kuma Issaka Issaka na Dosso ne ya ɗauke takobin. Ya sake ɗauka a Agadez a 2023, karo na 6 ke nan, abin da babu wanda ya taɓa yi.

Shi ya sa gardama ba ta mutuwa a teburin mai shayi, daga Kumagannam zuwa Gashua da Nguru. Dattawa na cewa mazan jiya irin su Kantu da Salma Ɗan Rani sun fi ƙarfi, matasa na cewa a ƙirga takubba.

A Japan ma haka masoya kokawar sumo ke auna gwarzayensu da Hakuho, wanda ya lashe gasa 45.