RABE: Mayaƙin Da Ya Ci Barno Da Bakin Bindiga

Duk wanda ya je garin Dikwa cikin Jihar Barno ba zai rasa ganin wani tsohon gini mai kaurin bango ba, wanda ake kira gidan Rabe. Daga wannan gida ne wani baƙo mutumin gabas ya yi ta juya ƙasar Barno yadda ya ga dama, bayan ya tumɓuke daular da ta yi ɗaruruwan shekaru tana tsaye.

An haifi Rabe wajen shekarar 1842 a Halfaya, kusa da Hartum a ƙasar Sudan. Ba ɗan sarauta ba ne. Ya fara aikin soja cikin rundunar Masar, sa'an nan ya koma wurin Zubairu Rahama, wani ƙasaitaccen mai fataucin bayi da hauren giwa a Baharul Gazal. A hannun Zubairu ya goge, har ya zama ɗaya daga cikin manyan sarakunan yaƙinsa, kuma da shi aka ci Darfur cikin 1874.

Da aka tsare Zubairu a Alƙahira, sai ɗansa Sulaimanu ya yi tawaye, gwamnati ta aiko masa da runduna. Cikin 1879 Sulaimanu ya miƙa wuya, aka kuwa kashe shi. Rabe shi kam ya ƙi. Ya ɗebi 'yan ɗaruruwan mayaƙa da bindigogi wajen 400, ya nausa yamma.

Ya yi shekara fiye da goma a ƙasashen Dar Kuti da Dar Runga yana kai hari yana kamun bayi. Wasu ya sayar ya sayi bindiga da albarushi, majiya ƙarfi kuwa ya sa su soja. To, a nan ne asirin nasararsa yake. Ya raba rundunarsa tuta tuta, kowace tuta da shugabanta, ana koya musu rawar daji da harbi cikin sahu irin na sojan Masar. Wanda ya karya doka kuwa ba a yi masa sassauci.

Bayan ya fatattaki Sarkin Bagarmi, cikin 1893 sai ya fuskanci Barno. Shehu Hashimi yana da dawaki da barade masu lifidi da sulke, amma lifidi ba ya tare harsashi. Sau biyu ana karawa ana korar Barebari. Rabe ya shiga Kukawa ya washe ta, ya sa mata wuta. Kiyari, ɗan ɗan'uwan Hashimi, ya karɓi sarauta ya sake tara jama'a, har ya so ya yi rinjaye, amma daga baya aka kama shi cikin 1894 aka kashe.

Rabe ya kafa hedkwatarsa a Dikwa, ya raba ƙasa ga shugabannin tutocinsa, ya aza haraji. Sai dai cin ƙasa daban, riƙe ta daban. Sarkin Musulmi Abdurrahman ya hana fatake kai masa kaya, Damagaram ta ƙi ba shi kai, ayarin Tarabulus ya ja baya, albarushi ya fara wuya. Hatta amininsa Hayatu, jikan Sarkin Musulmi Bello, wanda ya taimake shi cin Barno har ya auri 'yarsa Hauwa, bai tsira ba. Da suka ɓata, Hayatu ya yi ƙoƙarin barin Dikwa, mayaƙan Fadalallah ɗan Rabe suka tare shi suka kashe.

Ana cikin haka Turawan Faransa suka ƙaraso. Cikin watan Yuli 1899 Rabe ya hallaka wata ƙaramar rundunarsu a Togbao, a gefen kogin Shari. Amma runduna uku ne ke tafe: ɗaya ta ratso Sahara daga Aljeriya, ɗaya ta biyo ta Damagaram, ɗaya kuma ta taso daga Kwango. Suka haɗu a Kusuri. Ran 22 ga watan Afrilu 1900 aka gwabza. Kwamandan Faransa, Manjo Lami, ya mutu a wannan rana, Rabe ma ya faɗi, aka sare kansa aka kai wa Turawa shaida. Garin da Faransawa suka kafa a ƙetaren kogin suka sa masa suna Fort Lamy, shi ne aka mayar Injamena cikin 1973.

Fadalallah ya ja ragowar rundunar, amma cikin 1901 Faransawa suka cim masa a Gujba suka kashe shi. Aka raba Barno tsakanin Ingila da Faransa da Jamus.

Masana tarihi suna da ra'ayi biyu a kansa. Wasu na yaba masa don ya tsaya wa Turawa har ya mutu a fagen fama. Wasu kuwa, musamman a Barno, abin da suke tunawa shi ne garuruwan da ya ƙone da mutanen da ya bautar. Abin lura dai shi ne, mulkin da Rabe ya yi shekara ashirin yana ginawa bisa bindiga, a yini guda ya rushe. Zuriyar Shehu Laminu da ya kora kuwa, su ne ke sarautar Barno da Dikwa har yau.