3.3 Matsayin Mai Ciwon Sukari Wajen Neman Inshorar Rai

Kamar yadda aka nuna a babi na biyu, inshorar rai yarjejeniya ce tsakanin mutum da kamfani, inda mutum zai riƙa zuba wani kuɗi a kai a kai, shi kuma kamfanin ya ɗauki alkawarin biyan magadansa wani adadi idan ta Allah ta kasance. Ribar kamfani ta rataya ne a kan tsawon ran wanda ya shiga, domin gwargwadon daɗewarsa gwargwadon zubin da zai yi. Wannan ne ya sa duk wata cuta mai taƙaita kwana take zama abin dubawa, kuma ciwon sukari yana sahun gaba a cikinsu. Wannan sashe zai yi bayanin yadda kamfanoni suke auna mai wannan ciwo, da kuma ƙofofin da suke buɗe gare shi.

Kafin shekarar 1921 babu ma zancen, domin yaron da ciwon ya kama da wuya ya wuce shekara biyu a duniya. A wannan shekara ce Frederick Banting da Charles Best suka samo sinadarin insulin a Jami'ar Toronto ta ƙasar Kanada, aka kuma fara yi wa ɗan Adam allurarsa a watan Janairu na 1922. Duk da haka kamfanoni ba su yi gaggawar buɗe ƙofa ba, saboda ba su da lissafin da za su dogara da shi. A shekarun 1930 likita Elliott Joslin na birnin Boston ya haɗa kai da masu ƙididdiga na kamfanin Metropolitan Life, suka bi diddigin marasa lafiyarsa don a san shekarun da suke yi bayan kamuwa. Sai a 1940 kamfanin Manufacturers Life na Kanada ya fara karɓar masu ciwon sukari waɗanda suke kula da kansu. Watau an yi kusan shekara ashirin tsakanin samuwar magani da samuwar inshora.

3.3.1 Yadda Ake Auna Mai Nema

Tsarin da akasarin kamfanoni suke bi ya samo asali ne daga Oscar Rogers da Arthur Hunter na kamfanin New York Life, waɗanda suka bayyana shi a 1919. Ana ɗaukar lafiyayyen mutum a kan maki 100, sannan a ƙara maki a kan kowane abu da yake ƙara haɗarin mutuwa, a kuma rage a kan abin da yake rage shi. Alal misali, idan lafiyayye ɗan shekara 40 yana zuba Naira 40,000 a shekara, tsaransa da aka auna a kan maki 150 zai zuba abin da ya kusa Naira 60,000 a kan alkawari iri ɗaya. Sakamakon awo ba ya wuce ɗayan huɗu: ko a karɓi mutum a kan farashin kowa, ko a ƙara masa kuɗi, ko a ce ya dawo bayan wasu watanni, ko a ƙi shi ɗungurungum.

Abu na farko da ake tambaya shi ne nau'in ciwon. Nau'i na ɗaya, wanda jiki yake daina yin insulin, an fi tsananta masa a kan nau'i na biyu wanda ya fi kama manya. Daga nan sai shekarun kamuwa. A nan lissafin ya saɓa wa abin da mutane suke zato, domin wanda ya kamu yana ɗan shekara 55 ya fi samun sauƙi a kan wanda ya kamu yana ɗan 25. Dalili kuwa shi ne ɓarnar sukari a jijiyoyin jini sannu a hankali take taruwa, kuma matashin yana da shekaru masu yawa da ciwon zai yi yana cinsa.

Ma'aunin da ya fi kowane nauyi shi ne gwajin jini da ake kira HbA1c. Gwajin yatsa na safe yana nuna sukarin wannan lokaci ne kawai, mutum yana iya ƙaurace wa tuwo da lemo na kwana biyu ya samu sakamako mai kyau. Shi kuwa HbA1c yana nuna matsakaicin sukarin wata biyu zuwa uku da suka wuce, don haka ba a yi masa wayo. A 2011 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da kashi 6.5 cikin ɗari a matsayin iyakar da ake tabbatar da ciwon, kuma galibi likitoci suna son majiyyaci ya tsaya a wajajen kashi 7. Sai dai akwai wani hanzari da ya shafi jama'ar Afirka ta Yamma. Gwajin ya dogara ne a kan daɗewar jajayen ƙwayoyin jini, saboda haka yakan ba da sakamako marar inganci ga masu cutar sikila da masu ƙarancin jini. Ma'aunin da aka gina a kan jinin Turawa yana iya cutar mai nema a nan, ko ya cuci kamfanin.

Bayan haka ana duba hawan jini da ƙiba da lafiyar ido, da kuma ko ƙoda ta fara zubar da furotin a fitsari. Haɗuwar sukari da shan taba ita ce mafi muni, domin kowannensu yana lalata jijiyoyin zuciya.

3.3.2 Ɓoye Ciwo

A nan ne gizo yake saƙa. Mai nema yakan ga cewa idan ya yi shiru zai tsira daga ƙarin kuɗi. Amma inshora an gina ta a kan faɗin gaskiya, kuma idan mutum ya rasu kamfani yana neman takardun asibiti kafin ya biya. Idan aka ga ya san da ciwon ya ɓoye, ana iya soke yarjejeniyar, marayu su tashi a tutar babu bayan shekarun da mahaifinsu ya yi yana zubi. A Amurka kamfani yana da shekara biyu na farko da zai iya ƙalubalantar abin da aka rubuta a takardar nema. Wanda kuwa ciwon ya same shi bayan an ƙulla yarjejeniya ba shi da laifi, alkawarinsa yana nan muddin bai fasa zubi ba. Haka nan wanda bai san yana da shi ba. Wannan ba ƙaramin batu ba ne, ganin cewa ƙididdigar Ƙungiyar Ciwon Sukari ta Duniya ta 2021 ta nuna manya miliyan 537 ne suke da ciwon, kuma fiye da rabin waɗanda suke Afirka ba a taɓa gwada su an gano ba.

3.3.3 Ƙofofin da Suke Buɗe

A Amurka akwai inshorar da ba a tambayar lafiya ko kaɗan, amma kuɗinta tsada, abin biyanta kaɗan, kuma idan mutum ya rasu da rashin lafiya a shekara biyun farko zubinsa ake mayar wa magada. A Afirka ta Kudu kamfanin AllLife ya bi wata hanya, inda yake karɓar masu cutar ƙanjamau da masu ciwon sukari yana kuma bibiyar gwajinsu da shan maganinsu. Wannan tsari ya fi kama da adalci, domin yana duban ƙoƙarin mutum maimakon sunan ciwonsa.

A Nijeriya, inda hukumar NAICOM take kula da harkar tun 1997, an fitar da ƙa'idojin takaful a 2013 saboda waɗanda suke ƙyamar riba da garari. Sai dai takaful ma tana awon lafiya, domin asusun taimakekeniya na sauran mahalarta ne, ba a ɗora masa nauyin da ba a lissafa ba. Ƙofar da ta fi sauƙi ita ce ta wurin aiki. Dokar fansho ta 2014 ta wajabta wa ma'aikatun da ta shafa su yi wa ma'aikatansu inshorar rai ta gungu, wadda ba ta gaza ninki uku na albashin shekara ba. Da yake jama'a ake aunawa a dunƙule, yawanci ba a gwada kowa sai wanda adadinsa ya haura wata iyaka. Amma wannan ba ta shafi manomi da ɗan kasuwa da mai sana'ar hannu ba, kuma ko shi ma'aikacin tana yankewa ne ranar da ya bar aiki, lokacin da shekaru suka ja, ciwon ya daɗe a jiki, kuma kowane kamfani zai ɗora masa maki mafi yawa.