Jar fitila a tabulo: abin da direban tsohuwar akori-kura ya kamata ya duba

A kan babbar hanyar RN1, daga Gidan Rumji zuwa Maraɗi, a wuce Agye da Gazawa, tsofaffin akori-kura ne ke kwasar gero, wake, gyaɗa da aya zuwa kasuwanni. Akwai Toyota Hilux, akwai Peugeot 504 irin wadda aka daɗe ana haɗawa a kamfanin PAN na Kaduna. Da yawansu na tafiya da jar fitila kunne a tabulo, ko allurar gudu kwance. Wasu ma sun cire ƙwan fitilar don ta bar damunsu, alhali ita ce ke faɗakar da direba kafin inji ya ƙone.

Gwajin farko kyauta ne. Idan aka murɗa makulli ba a tada mota ba, fitilun mai da batir su kama, su mutu da zarar inji ya tashi. Wadda ta ƙi kamawa, ƙwanta ya mutu ko an cire shi. Mai shirin sayen tsohuwar mota ya fara da wannan.

Fitilar mai, mai siffar buta, ita ce mafi haɗari. Idan ta kama ana cikin tafiya, a tsaya nan take a kashe inji, a auna mai da sanda. In ya yi ƙasa, a ƙara. In yana nan cike kuma fitilar ba ta mutu ba, ko famfon mai ne ya gaza, ko ɗan na'urar da ke kunna fitilar ce ta lalace. Bakanike ne zai bambance da agogon awo, kuma kafin nan gara a ja motar da igiya.

Fitilar batir na nufin dinamo ya bar yin caji. A fara duba bel ɗin da ke juya shi, domin a tsofaffin injuna da yawa shi ne ke juya famfon ruwa. In ya tsinke, zafi na biye. Lafiyayyen batir na nuna volt 12,6 idan inji na kashe, ya hau tsakanin 13,5 da 14,5 idan yana aiki.

Fitilar burki kuwa, in an saki burkin hannu ba ta mutu ba, galibi man burki ne ya ragu. A motocin gazuwal akwai wadda ke nuna ruwa ya taru a gindin matatar mai, abin da ya fi samun masu sayen man bakin hanya. Ana kwance ɗan murfin da ke ƙasa a tsiyaye shi.

Allurar gudu ta tsohuwar mota na aiki ne da waya mai juyawa daga akwatin giya. Idan allurar na rawa, wayar ta bushe ko ta lanƙwashe. Idan ta kwanta kuma lambobin kilomita sun tsaya, wayar ta tsinke ko haƙoran da ke juya ta sun cinye. Idan lambobin na tafiya allurar ce kaɗai ta mutu, laifin na cikin agogon. A motocin da suka koma lantarki, a duba fiyus, na'urar da ke jikin giya, da wayar mas da tsatsa ko girgizar hanya ta saki. Idan fitilu da allurai suka rikice gaba ɗaya, wayar mas ɗin ce abin tuhuma na farko.

Na'urar binciken kwamfuta ba ta da amfani ga kowace mota. Tsarin OBD-II ya zama dole a Amurka a 1996, Turai ta bi da nata a 2001 ga motocin fetur. Tsohuwar 504 ba ta da inda za a jona shi.

Mai shakkar allurarsa na iya gwada ta da duwatsun kilomita na bakin kwalta: kilomita 1 cikin minti 1 daidai yake da gudun 60. Tayoyin da suka fi na asali girma kan sa allura ta nuna ƙasa da gudun gaskiya.

Gyaran agogon ya wuce maganar jandarma a hanya. Da lambobinsa ake sanin lokacin juyen mai, kuma kuɗin waya ɗaya bai kama ƙafar kuɗin sabon inji ba.