Gishiri Mai Ƙwace Ruwa

Duk wanda ya tashi a Birnin Zinder ya san darajar gishiri. Tun zamanin Sarki Tanimun, wanda ya kewaye garin da ganuwa, ayarin Buzaye ke saukowa Damagaram da kantun Bilma su koma da gero, fatake kuma su yi lodin kanwar Manga su nufi Kano. Mun san gishiri a miya, a turken dabbobi, a majema. Yana da wani aikin da ba a cika ba da labarinsa ba, can a masana'antun da ke sa bakteriya ta haɗa musu sinadari.

Abin da ke faruwa a karofin marini ko a tukunyar kamu shi ke faruwa a manyan tankunansu. A zuba abinci, a bar ƙwayoyin su ci, su fitar da wani abu mai amfani. A 1916, ana tsakar Yaƙin Duniya na Ɗaya, Ingila ta rungumi dabarar Chaim Weizmann, inda bakteriya ke cin masara ta ba da asiton da butanol. Wahalar tana bayan tsimi. Butanol da ƙyar yake kai kashi 2 cikin 100 na ruwan tankin, don in ya wuce haka sai ya kashe ƙwayoyin da suka samar da shi. Wani sinadarin kuma, butanediyol, sai zafi ya kai wajen digiri 180 yake tafasa. Ke nan mai son raba shi da ruwa ta hanyar wuta sai ya ƙafar da ruwan kaf, kuɗin makamashi ya cinye ribar.

Shi ya sa ake zuba wani ruwan narkarwa wanda ba ya gauraya da ruwa, yana tsayawa a sama kamar man gyaɗa a kan romo. A girgiza, sinadarin ya ƙaura zuwa cikinsa, a kwashe. Haka aka tsamo fenisilin a Oxford a 1940. To amma sinadarin da ya shaƙu da ruwa ba ya ƙaura ta daɗi.

A nan gishiri ke shigowa. Da zarar ya narke, sai ya rabu zuwa ƙananan ɓarɓashi masu cajin lantarki, kowane ya jawo ƙwayoyin ruwa ya rungume. Ruwa ya shagala da sabon baƙo, sinadarin ya rasa mai riƙe shi, dole ya haura sama. Masu dafa sabulu a masana'anta sun daɗe da sanin haka: suna watsa gishiri a tukunya, sabulu ya taso, gilisarin ya zauna ƙasa cikin ruwan gishiri.

Abin da ya fi burge ni shi ne gishiri ma suna suka tara. A 1888 Franz Hofmeister, a birnin Firag, ya gwada irinsu daban-daban a kan farin ƙwai, ya jera su bisa ƙarfin korarsu. Salfet da fosfet suna gaba, gishirin miya yana can tsakiya. Kantun Bilma, duk da tarihinsa, ba shi ne sarki a wannan fage ba. Dangin kanwa da toka, wato kabonet, sun fi shi. Itanol da ruwa, komai ajiyarsu, ba sa rabuwa da kansu, gishirin miya ma ba ya raba su. Amma a zuba kabonet na fotasiyam, wanda shi ne ƙarfin ruwan tokar da marini ke tacewa, sai su rabu hawa biyu. Da wannan ne masu bincike ke mai da itanol kansa ruwan tsamo butanediyol da sinadarin tsamin nono.

Ba kyauta ake samun hakan ba. Gishirin da ake bukata yana da yawa, kuma bakteriya ba ta rayuwa a cikinsa, kamar yadda fata ba ta ruɓewa in an barbaɗe ta da shi. Saboda haka sai an gama tsimi, ko an janye ruwan daga tanki, sannan a zuba. Bayan nan sai a san yadda za a yi da hawan ƙasa. In an zubar, ya kashe gona ya ɓata rijiya, abin da ɗan Zinder mai jiran famfo ba zai ɗauka da wasa ba. In za a dawo da gishirin, sai a ƙara metanol ya sa shi ya kwanta, a tace, a mai da shi zagaye na gaba, yadda marini ke kwashe katsi daga gindin karofi ya ƙona shi ya sake zubawa.